Ba jahilci ne ya hana mai soro yin inshora ba

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas ya kwashe kwanukan rufi a Badariya ko Makerar Gandu da ke Birnin Kebbi, ko malkar Agusta ta kwantar da soraye a cikin tsohon garin Argungu, sai a sake biya mana karatun da muka haddace. Jami'an agaji su zo su ƙirga gidaje, a yi jaje, a yi alkawarin bandir ɗin kwano da buhunan siminti. Can kuma wani mai kwat ya shiga rediyo ya ce da mutanen nan sun yi inshora da ba su shiga wannan hali ba, amma jahilci da gurguwar fahimtar addini sun hana su. An maimaita maganar har 'yan bokonmu sun ɗauke ta gaskiya, suna faɗa suna girgiza kai. Ni ban yarda ba. Mai soro ya yi lissafinsa, kuma lissafin daidai yake.

Batun addini ba zai tsayar da mu ba. Tun 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakekeniya. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya, a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka buɗe. Ƙofar halal ta fi shekara goma a buɗe, ba a ga masu soraye suna layi ba. Kuma a nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki a Nuwamban 2015, bashin da ke ɗauke da kuɗin inshorar noma ta NAIC a cikinsa, manoman fadama suka karɓa ba tare da sun nemi fatawa ba. To ina katangar addinin?

Katangar tana cikin takardar da ake so a sayar wa mai soro. Inshorar gida da aka saba ita ce ta gobara da aka haɗa mata guguwa da ambaliya. Tana biyan abin da ya faru farat ɗaya. Ba ta biyan abin da ya lalace a hankali, ko tsufa ya ci, ko rashin gyara ya jawo. Wannan sharaɗi ya dace da rufin kwano, domin kwano farat ɗaya yake tafiya: iska ta shiga ta ƙarƙashi, ƙusa ta cire, da safe a tsinci rufin a gidan maƙwabci. Kowa ya ga guguwar, kowa ya ga ɓarnar.

Soro ba haka yake mutuwa ba. Iska ba ta da abin da za ta kama a jikinsa. Azarar giginya ce aka jera, aka shimfiɗa zana ko ƙirare, aka ɗora ƙasa mai kauri, aka shafe da makuba ko laso, aka bar indararo ya fitar da ruwa. Abokin gabansa ruwan da ya ƙi ɗaukewa ne. Zafin Afrilu ya tsattsage yaɓen, ruwan Yuni ya sami hanya, na Yuli ya jiƙa cikin ƙasar, kan azarar da ke binne a bango ya soma ruɓewa ba wanda ya gani. Leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwa ya kwana a sama. Sai wani dare a Agusta, bayan an yini ana yayyafi, nauyin ya fi ƙarfin azara, ɗakin ya zauna. Sau da yawa da mutane a ciki, shi ya sa magana ce ta rai, ba ta dukiya kaɗai ba.

Yanzu a kawo mai tantance asara daga kamfani ya tsaya a kan wannan tarin ƙasa. Zai zaro azara ɗaya, ya sa babban yatsa a kanta, ya ji ta yi laushi. Zai tambayi maigida yaushe rabonsa da yaɓe. Zai nemi rasit. Wane magini ne a Argungu ke yanka rasit? Daga nan zai rubuta cewa ruwan sama bai rushe ɗakin ba, ya dai tona lalacewar da ta daɗe. Kuma bisa takardar da aka sa wa hannu, bai yi ƙarya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zuba kuɗi zai koma hannu rabbana. Wannan ke nan idan kamfanin ya yarda ya karɓi ginin ƙasa tun farko, abin da ba kasafai ake yi ba.

Kada a ce halin kamfanonin Nijeriya ne kawai. A Ingila, inda inshorar gida ta zama jiki, shimfiɗaɗɗen rufi yana cikin abubuwan da aka fi rigima a kansu. Ƙungiyar kamfanonin inshorarsu ta ƙayyade guguwa da iska mai gudun mil 55 a awa, ko ruwan da ya kai milimita 25 a awa ɗaya. Idan rikici ya kai ofishin mai sasanci, tambaya uku ake yi: an yi guguwa? Ɓarnar irin wadda guguwa ke yi ce? Guguwar ce babban dalili? A ta ukun masu shimfiɗaɗɗen rufi ke yawan faɗuwa. Can akwai ma'aunin iska a ko'ina, akwai rasit, akwai wurin kai ƙara kyauta. Mutumin unguwar Takalau da ba shi da ko ɗaya, da me zai yi gardama?

Masu dekin kankare a unguwar Gesse su ma kada su yi murna. Rufinsu soro ne da ya yi boko. Rana ta fasa shi, kwaltar da aka shafa ta bushe ta ɓare, ruwa ya kai ga rodi ya yi tsatsa, silin ya fara zane-zane. Amsar da za a ba su ita ce wadda aka ba mai azara.

Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai magidantan da ke barin damina ta same su ba su taɓa hawa sama sun duba ba, sannan su ce ƙaddara. Iyayenmu ba haka suka yi ba: kafin ruwa ya sauka ake kwaɓa ƙasa, a jiƙa makuba, a kira gayya, shiya ta bi gida gida. Tsohuwar fadar Argungu da ta zama gidan tarihi na Kanta ba sa'a ce ta tsayar da ita ba, gyara ne. Amma yau giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, maginan da suka iya haɗa laso suna ƙarewa, matasan da za su yi gayyar suna kan kabu-kabu. Wanda ke kiran wannan jahilci bai tambayi kuɗin azara ba.

Dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta tilasta inshora ne a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da kuma benaye masu fiye da hawa biyu da ake kan ginawa. Ba wanda ya tuna da soro, har yau kuma ban ga kamfanin da ya zauna da Sarkin Magina ya tambaye shi yadda ɗaki ke faɗuwa ba.

In da gaske ake son kuɗin mai soro, a juya takardar. A yi asusun takaful na shiya, ƙarƙashin idon mai unguwa da limami, ana zubi kaɗan-kaɗan bayan girbin shinkafa lokacin da kuɗi ke hannu. Wani kaso ya fita a watan Afrilu ya biya magini ya hau kowane rufi, ya yi yaɓe, ya buɗe indararo, ya sa hannu a littafi. Wannan sa hannu shi ne rasit, kuma bayansa ba mai ikon cewa rashin gyara ne. Sauran kuɗin kamfanin takaful ya riƙe, ya biya a cikin mako idan ɗaki ya faɗi, bisa shaidar magini da ma'aunin ruwan da aka kafa a makarantar shiya. Gwamnatin jiha ta ɗauki wani ɓangare na abin da take kashewa wajen sayen kwanon jaje ta zuba a asusun tun rani. Ranar da aka kawo irin wannan takarda Argungu aka ƙi saye, sai a dawo rediyo a kira mu jahilai.