Farantin faɗaɗa ƙafar mota: araha ba ta ado

Yau da direbobinmu muke, musamman masu Hilux da ke kwasar mutane zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis.

Wani yayi ya shigo: a cusa farantin ƙarfe tsakanin janti da cibiyar ƙafa, wai taya ta fito waje, mota ta zauna daram. To ku saurara. Cibiyar tana da ɗan baki, milimita 106 a Hilux, inda janti ke zama cif. Shi ke tsayar da taya a tsakiya. Bulon shidan nan aikinsu matsewa. Farantin araha da ake yankowa sumul ba shi da wannan bakin. Sai janti ya rataya a kan bulon, sitiyari ya kama rawa, ruleman ya sha wuya. Ga zare kuma: noti na son juyi 8, faranti mai kaurin milimita 6 kaɗai ya cinye 4.

Za su ce: "Mun daɗe muna haka, me ya faru?" Haba malam! Sai taya ta fice da lodi cikin gudu za mu yarda?

Wanda ya dage, ya sa faranti mai baki daidai da cibiya, da dogayen bulon, ya sake ɗaurewa bayan kilomita 50. Sandikan direbobi, ku riƙa duba ƙafafu a tasha kafin lodi. Iyayenmu ne a bayan motocin nan, ba buhunan hatsi ba.

Allah ya kiyaye hanya.