Zancen Malam: Wa Ke Zaɓar Wa Tarin Fuka Iri?

Wata kaka na tsaya a bakin wata gona tsakanin Isa da Sabon Birni, ina kallon wani dattijo yana ware zangarkun gero. Masu cikakken ido ya kan ajiye su gefe ɗaya, ya ce su ne irin baɗi. Kowane Bagobiri ya san haka: abin da ka bari ya zama iri, shi za ka girba. To, mai tarin fuka wanda ya ke wasa da magani, shi ma zaɓen iri ya ke yi, sai dai mugun iri.

Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya gano ƙwayar wannan ciwo a shekarar 1882. Ido ba ya ganinta. Haihuwarta kuwa ita ce ta rabu biyu, wajen sau ɗaya a kwana. A huhun da ciwon ya ci ya yi kogo, a kan sami ƙwayoyi har miliyan 100. Kowace ta kan ba 'yarta gādon halinta, amma wani lokaci a kan sami ɗan kuskure wajen kwafe gādon, kamar yadda ɗaliban ajina su kan yi in suna kwafa daga allo. Cikin miliyan ɗaya, a kan sami guda wadda kuskuren ya sa maganin isoniazid ba ya kama ta. Wadda rifampicin ba ya kamawa ta fi wuyar samu, wajen guda cikin miliyan 100.

Ku lura fa, ƙwayar ba wayo gare ta ba, ba kuwa koyo ta yi ba. Tana nan tun kafin a haɗiyi magani. In aka sha magani iri ɗaya kaɗai, sai ya kashe sauran, ya bar mata gonar ita da 'ya'yanta. Wannan shi masana su ke kira zaɓin halitta.

Likitocin Ingila sun ga haka da idonsu. A 1948 suka ba da labarin gwajin allurar streptomycin. Marasa lafiya suka ji sauƙi da fari, amma cikin 'yan watanni ƙwayoyin da yawa daga cikinsu suka daina jin allurar. Shi ya sa yau a ke haɗa magani huɗu wata 2, sa'an nan biyu wata 4. Wadda ta tsere wa wannan, wancan ya kama ta. Amma mai sha yau ya bari gobe, da mai raba ƙwayoyinsa da ɗan'uwa, da mai sayen ɗaya-ɗaya a kanti, duk sun buɗe mata ƙofa. Wanda kuma ya ɗauki tarin daga gare su, mai taurin kan zai ɗauka tun farko, ko da jariri ne.

Ban ce kowa ganganci ya ke yi ba. Tun 2019 dubban mutanen ƙasar nan suka ƙetara jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, waɗansu ko tabarma ba su ɗauka ba. Duk da haka ina roƙo, katin asibiti da ƙwayoyi su zauna a aljihu. Inda ka sauka duka, nemi asibiti mafi kusa ka nuna katin, kada ka jira ƙura ta lafa.

Wanda ya yi tari fiye da mako 2, a kai majinarsa a auna. Akwai na'urar GeneXpert, wadda cikin awa 2 ta kan nuna ko ƙwayar ta ƙi rifampicin. A asibitin gwamnati maganin kyauta ne. Mai taurin kan ma yana warkewa. A dā sai an yi kusan shekara 2 ana sha, da allurar da ta kan kurmantar da mutum, amma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da na wata 6.

Uwargida, maigida, in akwai mai wannan ciwo a gidanku, ku tsaya a kansa kowace safiya har ya haɗiye. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, sai likita ya ce an gama. Sai mun sadu a wata mai zuwa.