Wasiƙa a Buɗe Zuwa Ga Masu Tsara Shafukan Intanet Kan Launin Bayan Jeri

Zuwa ga ma'abota sana'ar tsara shafukan intanet, manyansu da masu tasowa,

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jan hankali kan wani aiki da ake yi wa kallon ƙarami, wato sanya launuka daban-daban a bayan abubuwan da aka jera a shafi, kamar sunayen ɗalibai ko farashin kaya ko saƙonnin da suka shigo. Launin da ke bayan layi aiki biyu yake yi, ko dai ya yi wa ido jagora, ko kuma ya ɗauki ma'ana, kuma wajibi ne mai tsarawa ya san wanne yake nufi tun kafin ya rubuta umarni ko ɗaya, domin kowanne da hanyarsa.

A harshen HTML, wanda shi ne ƙashin ginin shafi, ana buɗe jeri da alamar ul idan ba a damu da lamba ba, ko ol idan lamba na da muhimmanci, sannan kowane abu a ciki ya samu alamar li. Ado kuwa aikin CSS ne, harshen da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, kuma ƙungiyar W3C ta tabbatar da matakinsa na farko a 1996. Manufar raba su ita ce bayani ya zauna a gefe guda, kamanni a gefe guda, kuma duk nasihar da ke tafe daga wannan tushe ta fito.

Launin jagora shi ne wanda ake sa wa layi ɗaya a tsallake ɗaya, don kada ido ya ɓace a dogon jeri, kuma dabara ce da ta riga intanet, domin takardun injinan bugawa na tsoffin kwamfutoci suna zuwa da ratsin kore da fari saboda wannan dalili. A da, masu sana'a kan bi layuka suna manna musu suna da hannu, wanda hakan ke sa ƙarin layi ɗaya a tsakiya ya rikita duk na ƙasa. Mataki na uku na ƙa'idar zaɓe a CSS, wanda aka tabbatar a 2011, ya kawo nth-child, wato hanyar zaɓar abu bisa matsayinsa a cikin 'yan'uwansa, ta yadda li:nth-child(2n) ke kama na biyu da na huɗu da na shida, li:nth-child(3n+1) kuma ya kama na ɗaya da na huɗu da na bakwai. Sai dai wannan ƙidaya tana haɗawa da layukan da aka ɓoye, saboda haka idan mai karatu ya tace jerin, layuka biyu masu launi ɗaya na iya haɗuwa. Sabon salon rubutun da ke amfani da kalmar of, wanda Chrome da Firefox suka karɓa a 2023, yana ba da damar ƙidaya layukan da ke bayyane kaɗai.

Launin ma'ana kuwa ba ya da alaƙa da matsayi, kuma kuskure ne babba a rataya shi a kan ƙidaya. Idan aka ce layi na uku ya zama ja don mai shi bai biya bashi ba, da zarar an ƙara sabon suna a sama, jan zai koma kan wanda bai ci ba bai sha ba. Abin da ya dace shi ne a ba layin sunan rukuni wanda ke faɗin ma'anarsa, kamar bashi ko an-biya, a guji suna irin ja ko kore, domin launi na iya sauyawa gobe amma ma'anar tana nan. A kuma lura cewa umarnin .bashi shi kaɗai bai kai li:nth-child(2n) nauyi ba a ma'aunin fifiko na CSS, don haka ratsin zai danne shi, sai an rubuta li.bashi kuma an ajiye shi a ƙasan umarnin ratsin.

Ko da an yi wannan daidai, bai kamata launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai ba, domin akwai mutane da yawa, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore, ga kuma makafi da ke sauraren shafi ta manhajar karanta allo, wadda ba ta ambaton launin baya. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008 sun nemi a haɗa launi da kalma ko alama, sun kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Dole a auna wannan a kan kowane launin baya, domin rubutu mai ruwan toka na #767676 ya tsallake ma'aunin da ƙyar a kan fari, amma ya faɗi a kan #eeeeee. Wanda ke tsara wa masu karatu a Kano ko Zinder, inda akasari da waya ake karatu a cikin hasken rana mai ƙarfi, ya fi kowa buƙatar wannan awo.

Haka nan a tuna cewa ɗigo ko lambar jeri a wajen launin take zama sai an shigo da ita, kuma manhajojin lilo kan tsallake launin baya idan za a buga shafi a takarda, don haka siririn layi tsakanin abubuwa yana da amfani.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: mai tsarawa ya cire duk launukan ya sake duba jerin. Idan har ana gane wanda ya biya da wanda ake bi bashi, to launi zai zo ya ƙara sauƙin karatu. Idan kuwa bayanin ya ɓace, akwai sauran aiki a rubutun kansa, kuma daga nan ya kamata a fara gyara.

Allah Ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.