Lambar Wayar Mai Saye Amana Ce, Kuma Jari Ce

Ya ku 'yan kasuwar Arewa, maza da mata, tun daga Dogon Dutsi, Matankari da Dan Kasari har zuwa Tibiri, Geceme, Dumega da Kore Mairuwa. Yau ina so mu tattauna a kan wani jari da ba a sawa cikin buhu, ba a kuma aunawa da tiya, wato jerin sunaye da lambobin wayar mutanen da suka saba sayen kayanka. Ra'ayina shi ne, duk ɗan kasuwar da ke son ɗorewa ya kamata ya mallaki wannan jeri, amma da sharaɗi guda: kada lamba ko ɗaya ta shiga cikinsa sai mai ita ya yarda da bakinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan abu ya daɗe da zama sana'a. Mai shago yakan buɗe shafi guda a intanet wanda ba shi da wani aiki sai tarbar baƙo. A shafin yakan yi tayi ƙarara, ya ce ga rangwame ko ga wani bayani mai amfani kyauta, in kana so rubuta adireshinka na imel a nan. Mutum ya rubuta da hannunsa, ya danna alamar amincewa, wasu ma sai sun sake aiko masa da saƙo ya tabbatar shi ne. Daga nan ne ake fara aika masa labarin kaya, kuma a ƙasan kowane saƙo akwai wurin da zai danna in ya gaji a cire shi. Wani Ba'amurke mai suna Seth Godin ya wallafa littafi a kan wannan dabara a 1999, inda ya nuna cewa tallan da mutum ya ba da izini a kawo masa ya fi tallan da aka tusa masa tasiri.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da imel, alhali galibin masu sayenmu ba su da shi. Gaskiya ne. Amma kusan kowane mai saye yana da lambar salula, ko ta Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Ke nan teburinki, Hajiya, shi ne shafin naki, bakinki kuma shi ne tayin. Mai sarin dankalin turawa a Dogon Dutsi yana iya ce wa mai saye: "Alhaji, in ka yarda ka ba ni lambarka, duk ranar da aka fara haƙa zan gaya maka kuɗin buhu tun kafin ka hau mota." Mai atamfa ta ce: "Yaya, in sabon yayi ya zo kafin salla, in turo miki hoto?" Wanda ya ce to, a rubuta shi, wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a ƙyale shi.

Me ya sa na kira wannan jari? Mu tuna abin da ya faru da iyaka. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe wasu ba sai Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Mutanen Arewa sun san yadda cinikinsu ke haɗe da na 'yan uwansu na Kangiwa da Bacaka a jihar Kebbi. Idan ƙafa ta yanke, ɗan kasuwar da ya san abokin cinikinsa da fuska kawai ya rasa shi, wanda kuwa ke da lambarsa yana iya jin farashi, ya tuna bashi, ya riƙe zumunci har ranar da hanya za ta buɗe. Da ma an ce sabo turken wawa, to amma a kasuwa sabo turken mai wayo ne.

Inda ake samun kuskure shi ne wajen tara lambobin. Sau da yawa mutum yakan wayi gari ya ga an jefa shi cikin wani zauren WhatsApp na tallan turare ko takalma, bai san mai zauren ba, ba a kuma tambaye shi ba. A cikin zaure irin wannan, lambar kowa a buɗe take ga sauran mutane. Matar aure ta ba ka lambarta don ka sanar da ita zuwan shinkafa, kai kuma ka baje ta gaban mutum ɗari biyu. Gobe wani ya fara kiranta da dare, ko ɗan damfara ya bugo ya ce ta ci wata kyauta ta turo kuɗin karɓa. Rigimar da za ta tashi a gidanta, wa ya jawo? Ka yi asarar mai saye, ka kuma zubar da mutuncinka a unguwa guda.

Alhali akwai hanya mai tsabta a cikin WhatsApp ɗin kansa. Ana iya haɗa jerin watsa saƙo mai ɗaukar lamba har 256, saƙon ya isa wa kowa shi kaɗai ba tare da ya ga lambar wani ba. Sharaɗinsa kuwa shi ne, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Wannan shi ne izinin da muke magana, domin wanda ya ajiye lambarka da hannunsa ya nuna yana son jin ta bakinka. Wanda bai yi boko ba sai ya yi saƙon murya da Hausarsa, mai ƙaramar waya kuma a kira shi ko a tura masa gajeren saƙo.

Bugu da ƙari, maganar ta shafi doka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2017, wadda ta samar da hukumar HAPDP, aka kuma sabunta dokar a 2022. Najeriya ta yi tata a 2023. Ta Tarayyar Turai ta fara aiki tun 25 ga Mayu 2018, tararta kuma tana iya kaiwa Yuro miliyan 20. Lambar waya tana cikin bayanan da irin waɗannan dokoki ke karewa. Ko da jami'i bai taɓa zuwa rumfarka ba, addini da al'ada sun riga doka cewa abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne da za ka miƙa wa wani, balle ka sayar.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce kamar haka. Da farko a nemi izini a fili, a faɗi abin da za a riƙa turowa. Na biyu, a cika alkawari: in farashin wake ka ce, to farashin wake, ba hotunan biki ko maganar siyasa ba, kuma sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Na uku, duk wanda ya ce a cire shi a cire shi nan take ba tare da fushi ba, don gobe yana iya dawowa da ƙafarsa. Na huɗu, a sayi littafi a rubuta suna, lamba, gari da irin kayan da mutum ke saye, in ba ka iya rubutu ba ɗanka ya rubuta maka. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, kuma ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. Dandalin na wani ne, littafin kuwa naka ne.

Kada yawan lamba ya ruɗe ka. Mutum 40 da suka ce maka "turo mini" sun fi 1,000 da ka kwaso daga zauren wani, domin na farkon suna jiran saƙonka, na biyun kuwa toshe ka za su yi. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashi su ma suna da rawar takawa: su ja kunnen mambobinsu, kada jerin lambobin ƙungiya ya zama abin rabawa ga duk mai talla ko ɗan siyasar da ya zo da goro.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.