Ba kowane ciwon ciki ba ne olsa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, kuma maganar ciki ce da bayan gida, irin wadda ba mu son yi a bainar jama'a. Ku daure ku karanta, wataƙila da wani a ɗakinku nake.

Waɗanda muka shigo aji ɗaya tare sun san da kumatuna na zo garin nan. Kafin ƙarshen aji biyu sai da na ƙara wa bel ɗina huji biyu. Ciki ya kumbura kamar ganga, gudawa ta zo ta tafi, gajiya kuwa ko lakcar ƙarfe takwas ba na kai ƙarshenta ban yi gyangyaɗi ba. A gida aka ce ruwan garin ne bai karɓe ni ba. Abokai suka ce barkonon Yarbawa ne. Mai kemis ya ce olsa. Wani lab a bakin get ya ce taifot, har sau uku, kowane karo da jakar maganinsa. Kawuna ma bai zauna ba, ya aiko min da maganin basir a galan ta hannun wani direba.

Ni kuma saboda tsoron abincin garin, me na koma ci? Shayi da biredi wajen mai shayi a Sabo, Indomie da rana, taliya da dare. Kun san haka yawancinmu muke rayuwa a nan. Ashe abin da nake gudu ba shi ke cin hanjina ba, abin da na fake da shi ne.

Sunan ciwon siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari da ake kira gulutin. Mai wannan ciwo idan ya ci, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta kai wa ƙaramin hanjinsa hari, ta shafe 'yan ƙananan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Sai ka ci ka ƙoshi amma jiki bai samu ba. Daga nan rama, ƙarancin jini, gyambon baki, wasu har da ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu. Wani kuma ba ya ma gudawar, jini ne kawai ba ya zama a jikinsa duk yawan maganin ƙarin jinin da zai sha.

Na san abin da wani zai ce: ai wannan ciwon Turawa ne. Ni ma haka na ce. Gaskiya ne a Turai aka fara gane sababinsa, wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta shi da alkama, har ya lura yara masu ciwon sun sami sauƙi lokacin da biredi ya yi wuya a yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ɗaya daga cikin alƙaluma mafi yawa da aka taɓa samu, a Afirka aka same shi: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi ya gano sama da kashi 5 cikin 100, alhali a duniya ana ƙiyasta kusan kashi 1 cikin 100 ne. Mu a nan matsalar ita ce ba a cika neman ciwon ba, kuma abin da ba a nema ba ai ba za a gani ba.

To ga inda nake son mu yi magana da gaske. Ra'ayina shi ne, ciwon cikin da ya wuce wata guda yana dawowa, ga rama ko ƙarancin jini, ya fi ƙarfin kemis, ya fi ƙarfin abokinka ɗan aji huɗu a medisin, komai son da yake maka. Likitan ciki da hanji ake nema, waɗanda a asibitin koyarwa za ku ji ana ce wa sashensu Gastro. Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Ka je kilinikin makaranta da katinka, ka faɗi tarihin tun daga farko, ka nemi takardar tura ka gaba. Ni sai a zuwa na biyu aka ba ni, bayan na zo da duk takardun gwaje-gwaje da kwalayen magungunan da na sha na zube su a kan tebur. Ka kuma tambayi abin da inshorar ɗalibai ta TISHIP za ta ɗauke maka, tunda kana biya a cikin kuɗin makaranta.

Kuskurena mafi girma ga shi, don Allah kada wani ya maimaita. Kafin ranar ganin likita na karanta a intanet, na yanke wa kaina hukunci, na daina cin alkama. Cikin sati uku na ji dama. Na shiga ofishin ina murmushi, wai na gano ciwona. Likitar ta dube ni ta ce na ɓata mata aiki. Gwajin jinin, tTG-IgA, martanin jiki ga gulutin yake aunawa. Idan ka daina ci, martanin ya kwanta, hanji ya fara warkewa, sai sakamako ya fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Ta ce in koma cin biredi kullum na sati shida sannan a ɗebi jini. Wallahi waɗannan sati shidan sun fi duk wata jarrabawa da na rubuta a makarantar nan wuya, kuma ni na jawo wa kaina.

A nan na gane yadda ake sanin likitan da ya san ciwon. Ya tambaye ka ko kana cin alkama kafin ya rubuta gwaji. Ya haɗa da auna jimillar IgA, domin wasu nasu ƙasa yake tun asali, gwajin sai ya yi ƙarya. Idan jini ya nuna, ba ya tsayawa nan, zai tura ka endoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a gutsuro ɗan abu daga farkon hanji a duba. Wanda kuwa ya ce maka kawai "gwada barin biredi mu gani", ka yi masa godiya ka nemi wani.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ni ma na yi ta: "bari sai na koma gida hutu, in ga likitan da ke jin Hausa." Samista guda na ɓata a kan haka, hutun kuma ya ƙare a gaishe-gaishe da ɗaurin aure. Likitar da ta gano ciwona ko "sannu" ba ta iya ba. 'Yan uwa mata, neman likita mace haƙƙinku ne, ku tambaya ba kunya, amma kada jiran ya cinye muku shekara.

Ban ce abin da sauƙi ba. Layin Gastro dogo ne, ba kowane lab ke yin gwajin ba, endoskofi kuma kuɗi ne, sai da Yayana ya tallafa. Ban kuma ce duk mai kumburin ciki siliyak gare shi ba. Yawanci ma ba shi ba ne, olsar gaske tana nan, ciwukan hanji kala-kala ne. Shi ya sa ake zuwa wajen mai iya rarrabewa. Da na lissafa kuɗin allurai da maganin taifot ɗin da ba ni da shi, sai na yi shiru.

Magani ɗaya ne, barin gulutin har abada. Ba biredi, ba gurasa, ba fanke, ba cincin, ba semo, ba lemon malt tunda da sha'ir ake yin sa. Ɗanwake da waina ma sai na tambaya ko an sa fulawa. Amma gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, rogo da wake duk nawa ne. Amala da eba da na yi shekara biyu ina yi wa kallon hadarin kaji, yanzu su ne abincina, har mai abincin bayan hostal ta san kwanona.

Da na faɗa wa Umma a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "To alkakin Sallah fa?" Na ce ta ba su Abba nawa. Abin da na roƙe ta shi ne ta bari a gwada ƙanwata, domin ciwon na bin jini, kusan ɗaya cikin goma na 'yan uwa na kusa kan same shi, ita kuma tun tana sakandare ake ba ta maganin ƙarin jini. Umma ta ce sai ta yi shawara da Baba. Na dai ja mata kunne cewa kafin nan kada a hana yarinyar biredinta.