Wa Ya Ba Ku Izinin Kashe Mana Katangar Tsaro?

Mutane iri biyu ne suka ishe ni. Akwai masu gyaran kwamfuta da ke kashe katangar tsaron da Windows ta zo da ita don su samu damar ɗora manhajar sata, sannan su miƙa wa mai kaya na'urarsa a buɗe, ko a jikinsu. Akwai kuma masu cika mana kunne da jerin "katangun tsaro goma na kyauta da suka fi kowanne", alhali wasu daga ciki an yi jana'izarsu tun tuni.

Ba sharri nake musu ba. Sygate, wadda tsofaffin hannu ke yabo har yau, Symantec ta sayi kamfaninta a 2005, ta rufe ta kafin shekarar ta ƙare. Outpost ta kamfanin Agnitum na Rasha ta bi sahu bayan Yandex ta saye shi a 2015. Amma har gobe sai ka tarar da irinsu a filashin wani mai kiran kansa injiniya, yana ɗura wa bayin Allah. Manhajar da aka daina sabuntawa shekara da shekaru, me za ta tsare maka?

Aikin katangar nan aikin maigadi ne a bakin ƙofa: ta duba mai shiga da mai fita tsakanin kwamfutarka da intanet. A 2003 cutar Blaster ta riƙa faɗa wa kwamfutoci ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, sai dai ya ga sanarwa na ƙirga daƙiƙa 60 na'urar ta mutu ta sake tashi. Bayan wannan wulaƙanci ne Microsoft ta fitar da Service Pack 2 na Windows XP a 2004, katangar a kunne tun daga farko. A watan Mayun 2017 WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445 ta shiga ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Birtaniya. Irin ƙofar da mai gyaranka ke bari a wangale ke nan, saboda yana sauri.

To, na kyautan da ke raye fa? ZoneAlarm, mallakar kamfanin Check Point na Isra'ila tun 2004, tana aiki, sai dai ba ta gajiya da roƙon ka sayi ta kuɗi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Comodo ce ta fi ba ni takaici, domin tana da ƙarfi na gaske. Matsalarta tambaya. Malamin makaranta na tsakiyar buga sakamakon jarrabawa, sai akwati ya faɗo masa a kusurwar allo: svchost.exe na neman fita, a bari ko a hana? Ina ya san wani svchost? Ya hana, intanet ta ɗauke. Ya bari, aiki ya ci gaba. Kafin mako ya zagayo hannunsa ya saba, duk abin da ya fito "a bari" yake dannawa ko bai karanta ba. Haba jama'a, wannan ne tsaron? Kuma a 2016 Tavis Ormandy, mai bincike a Google, ya bankaɗo cewa GeekBuddy, wata manhajar da ake cusowa tare da Comodo, na buɗe hanyar sarrafa kwamfuta da kalmar sirri mai sauƙin ganowa.

Ita ma ta Windows tana da nata rauni. Tana tare mai shigowa sosai, amma mai fita ba ta cika tsayar da shi ba sai ka gindaya mata doka, kuma wurin gindayawar ba na kowa ba ne. Ga wanda ke sayen data da guminsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don manhajoji na zuƙe ta a ɓoye. Nan ne TinyWall ke da rana. Ƙarama ce, ba talla, ba tambaya, tana toshe kowa sai wanda ka ɗaga wa ƙafa. Ka dai sani, da ka sa ta za ka ga kamar intanet ta mutu, har sai ka zaɓi waɗanda za su wuce. Windows Firewall Control, wadda Malwarebytes ta saya a 2018 ta mayar kyauta, ta fi dacewa da mai son a riƙa sanar da shi. Ɗaya ta isa. Mai jibga uku a kwamfuta guda nauyi kawai yake ƙara mata.

Babu kuma katangar da za ta ceci wanda ya karanta wa ɗan damfara lambar sirrin bankinsa ta waya, ko wanda ya nace wa Windows 7 da aka daina yi wa faci tun Janairun 2020.

Saboda haka, malam, ranar da ka je karɓo kwamfutarka daga gyara, kada ka sa hannu a aljihu. Ka ce ya buɗe Windows Security a gabanka, ya nuna maka katangar a kunne. In ya ce kunna ta zai hana wata manhaja aiki, to manhajar ce za a cire.