SHARHI: Cinikin Sunayen Intanet, Wa Ke Kwasar Ribar?

A cikin shekarar 1997 wani ɗan kasuwa na ƙasar Amurka mai suna Marc Ostrofsky ya sayi sunan adireshin intanet na business.com a kan dala 150,000. Bayan shekara biyu, wato a 1999, ya sayar da shi a kan farashin da aka bayyana na dala miliyan 7.5. Abin da ya sayar kalma ɗaya ce tak da ke rubuce cikin wani kundin rajista, ba gida ko masana'anta a tare da ita. Tun daga lokacin labarai irin wannan ba su yanke ba. Kamfanin Facebook ya biya wata ƙungiyar manoma ta Amurka dala miliyan 8.5 a 2010 domin ya mallaki fb.com, sa'an nan a 2019 aka sayar da voice.com a kan dala miliyan 30.

Da irin waɗannan labarai ake jawo hankalin matasa masu 'yar ajiya, a Nijeriya da sauran ƙasashe, ana nuna musu cewa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba mutum zai iya yin rajistar suna yau, gobe wani kamfani ya zo ya saye shi da miliyoyi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari, domin ba a cika yi musu bayanin yadda kasuwar take ba, da kuma aljihun da kuɗin ke zarcewa a ƙarshe.

Sunan adireshi shi ne abin da mutum ke rubutawa a na'ura mai ƙwaƙwalwa ko wayar hannu domin ya isa shafin wani kamfani ko ma'aikata, kuma kowane suna yana da wutsiya, kamar .com ko .org ko .ng ta Nijeriya. Ƙa'idar rabon ita ce wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu. An yi rajistar sunan farko mai wutsiyar .com, wato symbolics.com, ranar 15 ga watan Maris na 1985, kuma shekara goma ana yin rajista kyauta, sai a watan Satumba na 1995 kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu. Waɗanda suka kwashi manyan kalmomi a wancan zamani su ne akasarin waɗanda ake ba da labarin arzikinsu. Yanzu kuwa sunaye masu wutsiyar .com sun haura miliyan 150, da wuya a sami wata gajeruwar kalma ta Turanci mai ma'ana da ba ta da mai ita.

Abu na farko da ya kamata mai sha'awar wannan sana'a ya gane shi ne, ba a mallakar suna kamar yadda ake mallakar zinariya ko saniya, haya ake karɓarsa, ana sabuntawa shekara-shekara. Misalinsa kamar mutumin da ya kama rumfuna ɗari uku a sabuwar kasuwa, ya kulle su da kwaɗo bai sa kaya a ko ɗaya ba, yana jiran ranar da wani zai zo ya ba shi goro mai tsoka ya bar masa rumfar. Ko mai saye ya zo ko bai zo ba, hukumar kasuwa za ta karɓi kuɗin hayarta, ranar da aka kasa biya kuwa a fasa kwaɗon a ba wani. Haka abin yake ga sunan da wa'adinsa ya ƙare: ana ba mai shi ɗan jinkiri, sa'an nan kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana biyar na jiran sharewa, daga nan ya koma kasuwa. Ko manya ba su tsira ba, domin a watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft ya sha'afa da sabunta passport.com, har sai da wani bawan Allah da abin ya dama ya biya masa dala 35 daga aljihunsa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka mutum yana riƙe da sunaye 300, yana biyan dala 12 a kan kowanne, ke nan dala 3,600 a duk shekara. Su kansu tsofaffin dillalan wannan kasuwa sukan ce wanda ya sayar da suna ɗaya ko biyu cikin kowane ɗari a shekara bai yi asara ba a wajen zaɓe. Ashe mai sunaye 300 yana sa ran sayar da uku zuwa shida, kuma tilas kowanne ya kawo masa dala 600 zuwa 1,200 kafin ya mayar da kuɗin haya kawai, ban da la'adar da kasuwannin sunaye irin su Sedo da Afternic ke cira. Sauran sunaye 294 kuwa suna nan suna jiran a ciyar da su a baɗi.

Ga ɗan Nijeriya akwai ƙarin kaya a kan wannan. Kuɗin hayar .com da dala ake ƙayyade shi, shi kuwa da naira yake samu. A 2015, lokacin da dala take kusan naira 197 a farashin hukuma, dala 3,600 ba ta wuce naira dubu 710 ba. Bayan da aka sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, ta kai inda a 2024 dala ta haura naira 1,500, wannan adadin ya koma naira miliyan 5 da dubu 400. Har ila yau a 2022 bankuna da dama sun rage yawan kuɗin da za a iya kashewa a ƙetare da katin naira, wasu ma suka dakatar baki ɗaya, alhali kundin rajista bai san uzuri ba. Gaskiya ne idan aka dace da mai saye daga waje da dala zai biya, amma ba wanda ya san ranar zuwan mai saye, ita kuwa haya kowa ya san ranar biyanta.

Kasuwar kuma tana da nata hawa da sauka. Farashin sunaye ya rushe tare da hannayen jarin kamfanonin intanet a shekarar 2000. A 2015 masu zuba jari na ƙasar Sin sun yi rububin sayen gajerun sunaye na haruffa huɗu da na lambobi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kafin 2016 ta ƙare ya sauko, aka bar waɗanda suka shiga a makare da kaya a hannu. Bugu da ƙari, shirin da hukumar ICANN ta buɗe a 2012 ya haifar da sababbin wutsiyoyi fiye da 1,200, wanda ya rage wa mai neman suna tilascin durƙusa wa wanda ya riga shi. Shi kansa business.com, lokacin da aka sake sayar da shi a 2007 a kan dala miliyan 345, an saye shi ne a matsayin kamfani mai ma'aikata da abokan ciniki da aka gina a kan sunan.

Masu kare sana'ar suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce wanda ya hango darajar fili a bayan gari kafin gari ya iso, ya saya ya ajiye, ba wanda ke kiransa azzalumi, don haka wanda ya hango darajar kalma bai yi laifi ba. Wannan haka yake muddin kalmar ta kowa da kowa ce, kamar kasuwa ko gida ko mota. Masu shari'ar sunaye ma sun yarda da haka. A shekarar 2000 mawaƙin nan na Ingila da ake kira Sting ya nemi a ƙwato masa sting.com, aka hana shi, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne kalmar ta gama-gari ce a Turanci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmomin gama-gari masu daraja sun ƙare, sai sabon shiga ya karkata ga abin da ya fi sauƙi, wato kama sunan wani kamfani ko sanannen mutum da nufin a zo a fanshe shi. Wannan ya fita daga dillanci ya koma garkuwa da suna, kuma doka ta daɗe da rufe ƙofarsa. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci a kan Dennis Toeppen, wanda ya riƙe panavision.com ya nemi kamfanin ya biya shi dala 13,000. A 1999 Amurka ta kafa dokar da ta tanadi diyyar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna, kana a wannan shekarar ICANN ta fito da tsarin sasanta rigingimu wanda duk mai rajistar .com ya amince da shi ko ya karanta ko bai karanta ba. A ƙarƙashin tsarin, idan mai ƙara ya nuna cewa sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinsa, cewa mai riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajistarsa yake amfani da shi, to sai a karɓe a ba mai ƙara ba tare da an biya ko anini ba. Hukumar WIPO da ke birnin Janiba tana cikin masu sauraren irin waɗannan ƙararraki, kuma ta hannunta ne mawaƙiya Madonna ta karɓi madonna.com a shekarar 2000.

A Nijeriya lamarin bai tsaya ga rasa suna ba. Sashe na 25 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani mutum ko kamfani ko gwamnati ba da izini ba domin ya hana mai shi amfani da shi. Kaɗan ne daga cikin masu tallata wannan sana'a ke ambaton wannan sashe. Sai dai kuma laifin ba na masu kamawa ba ne su kaɗai. Ranar 18 ga watan Yuli na 2018, lokacin da ƙaramin ministan sufurin sama Hadi Sirika ya ƙaddamar da sunan Nigeria Air a bajekolin jiragen sama na Farnborough a Ingila, jaridu sun ruwaito cewa wani mutum ya yi wuf ya yi rajistar sunan da wutsiyar .ng, ya kuma sa shi a kasuwa. Rajistar da ba ta kai kuɗin tikitin jirgi daga Legas zuwa Abuja ba, da an yi ta kafin a hau mumbari, da maganar ba ta taso ba. Kamfanoni da bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati ya kamata su mayar da rajistar suna wani ɓangare na aikin da ake gamawa kafin sanarwa, kuma da sunan ma'aikatar za a yi, ba da sunan yaron da aka ba kwangilar gina shafi ba.

Idan aka bi sawun kuɗin, za a tarar wanda ribarsa ba ta da shakka shi ne mai riƙe da kundin rajista. Kamfanin Verisign, wanda ke riƙe da .com, ya kai kuɗin sarinsa dala 10 da santi 26 a kan kowane suna a 2024, kuma kuɗin shigarsa na wannan shekara ya haura dala miliyan dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba ruwansa da ko mai sunan ya ci riba ko ya faɗi. Tsibirin Anguwila da ke yankin Karibiyan, wanda mazaunansa ba su kai dubu 20 ba, ya tsinci dami a kala domin wutsiyarsa .ai ta dace da taƙaitaccen sunan fasahar ƙirƙirarriyar basira a Turanci, har ya sami kimanin dala miliyan 32 daga rajista a 2023, wato kusan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatinsa. Tsibirin Tubalu ma ya daɗe yana cin gajiyar .tv.

Nijeriya tana da tata rumfar. An ware mata .ng tun 1995, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005, kuma a 2009 ICANN ta miƙa mata ragamar kula da wutsiyar. Da naira ake biyan kuɗin rajistarta, kuma kuɗin a gida yake zama. Amma sunayen da ke ƙarƙashinta ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, yayin da .za ta Afirka ta Kudu ta wuce miliyan ɗaya, .de ta Jamus kuwa ta haura miliyan 17. Kowane kamfanin ƙasar nan da ya zaɓi .com ya ƙyale .ng, da kowane matashi da ke tara sunayen .com yana jiran sa'a, kuɗin musaya yake fitarwa kowace shekara, komai ƙanƙantarsa.

Ko da yake kalmomin harsunan gida ba su da cunkoso kamar na Turanci, a nan ma akwai abin lura. Adireshi na yau da kullum haruffan boko 26 da lambobi da karan-ɗori kawai yake ɗauka, saboda haka ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, suna komawa kalma ɗaya a wajen rubutawa, abin da kan rage wa sunan kwarjini ko ya sauya masa ma'ana. Darajar suna na Hausa ko Yarabanci ko Ibo kuwa tana rataye ne da yawan 'yan kasuwar da ke ciniki da masu jin harshen ta intanet, kuma su ne za su saya idan sun ga bukata. Aikin da ke gaban NiRA da hukumar NITDA da wakilan rajista shi ne su kai maganar .ng kasuwannin Kwari da Onica da Alaba da harshen da masu shaguna ke ji, su sauƙaƙa hanyar biya, su kuma tabbatar mai shago ya san ranar da wa'adin sunansa zai ƙare.